Na Bar Tuwon Dare, Inji Ya Ci Yatsuna

Assalamu alaikum Edita, tare da masu karanta wannan mujalla. Ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan kama sunan kowa ba, domin duk waɗanda ke cikin labarin nan suna raye, wasunsu ma sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci.

A lokacin da abin ya same ni, ni magidanci ne mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, ina aikin injin casar shinkafa a Tudun Wada. Asalinmu mutanen wani ƙauye ne da ruwan madatsar Tiga ya cinye tun kafin a haife ni, aka taso iyayenmu suka zauna a ƙasar Bebeji, kusa da Ƙofa. Can na tashi, can na koyi noman rani, amma tun ina saurayi hankalina ya fi karkata ga inji. Da na samu wani Alhaji mai injin casa ya ɗauke ni, sai na kwashe iyalina muka koma Tudun Wada. Na daɗe a wurinsa har ta kai da jin ƙarar injin kawai nake gane abin da ke damunsa. Mata masu turara shinkafa sukan ce su dai a bar musu buhunansu sai na zo, saboda a hannuna shinkafa ba ta karyewa. Ba ni da arziki, amma ina da sana'a, kuma gidana ba a kwana da yunwa.

Ni mutum ne mai jiki tun ina yaro, haka gidanmu yake, mahaifina ma ƙato ne. Bayan na yi aure kuma sai tumbi ya fito. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin matsala ba, tunda ina ɗaga buhu kamar kowa. Yanayin aikinmu shi ne, wutar lantarki ta fi zuwa da dare, man inji kuma ya yi tsada, don haka idan kaka ta yi, daga bayan sallar isha'i muke farawa har kusan asuba. Matata takan zuba mini tuwo a kula in tafi da shi. Idan dare ya raba muka tsayar da inji don ya huce, sai in zauna a kan buhu in ci, in kora da ruwa, in koma bakin aiki. Haka na yi shekaru.

Sai na fara fama da ciwon kai, ƙeyata ta riƙa yi mini nauyi. Na je asibiti aka auna ni, aka ce hawan jini ne. Likitan ya rubuta mini ƙwayoyi, ya ce in rage gishiri da mai, kuma in yi ƙoƙari in rage ƙiba. Bai ce ga yadda zan rage ba, ni ma ban tambaya ba, don layi ya yi tsawo a bayana, ina jin kunyar in tsare mutane. Na fito da magani a aljihu da magana ɗaya a kai: in rage ƙiba.

Ba a jima ba aka yi suna a dangin mahaifiyata a Ba'awa, ƙasar Kiru, na je. Muna zaune mu uku a kan wani tsohon benci a ƙofar gida, sai ƙafarsa ta karye muka zube ƙasa. Mu uku ne a kai, amma ni kaɗai aka yi wa dariya. Wanda ya fi kowa shewa shi ne taubashina, ɗan kawuna, wanda yake sayar da kayan waya a bakin titi. Siririn mutum ne kamar kara, kuma bakinsa ba ya gajiya. Ya ce a gaban jama'a ai ba mutum aka gayyato daga Tudun Wada ba, buhu biyu aka ɗinke wuri ɗaya aka sa masa hula. Wasan taubasai ne, ba a fushi da shi, don haka na yi dariyar yaƙe. Amma har mata na jiyo suna ƙyalƙyalawa daga cikin zaure, kuma wannan dariyar ta bi ni har gida.

Kafin in tafi ranar, ya ja ni gefe ya sauya murya kamar mai tausayina. Na faɗa masa abin da likita ya ce. Ya ce ai abin mai sauƙi ne, matsalata ɗaya ce tak, cin dare. Ya ciro wayarsa ya nuna mini wani mutum sanye da farar riga yana magana da Turanci, shi kuma yana fassara mini. Wai da zarar rana ta faɗi, cikin ɗan Adam yakan daina aiki, duk abin da aka zuba masa daga magariba zuwa safiya kitse yake zama kai tsaye. Ya ce da rana in ci duk abin da raina yake so, ba ruwan kowa, amma daga kiran sallar magariba in kulle bakina. Ya rantse mini cewa idan na riƙe wannan, kafin a gama kaka sai na sake ɗinkin riguna. Na yarda da shi. Ya yi makaranta fiye da ni, ga mai farar riga a waya, ga shi kuma maganar ta yi mini daɗi, tunda ba a raba ni da komai ba sai lokaci.

Da na dawo na ce wa matata ta daina zuba mini tuwon dare. Ta tambayi dalili na faɗa mata. Sai ta ce ita a ganinta wannan maganar ta masu kwana a gado ce, ni kuwa darena shi ne ranata, ta yaya mutum zai tsaya gaban inji har asuba ciki ba komai? Ta ce ko dai ta riƙa rage yawan tuwon. Na ce mata abin ba a yawa yake ba, a lokaci yake, kuma masu ilimi ne suka faɗa. Daga ranar aka fara dafa tuwon gidanmu tun la'asar saboda ni.

Ga yadda rayuwata ta koma. Kafin magariba nakan cika cikina taf, fiye da yadda na saba, don ina tsoron yunwar da ke gabana. In tafi aiki da nauyin ciki, in ƙare shi da ciki yana ƙugi. Da na idar da sallar asuba sai in faɗa wa abinci kamar wanda aka sako daga ɗauri: ɗumame, koko da sukari, ƙosai, wani lokaci har da burodi. Ina gamawa in kwanta in yi barci har azahar. In tashi in ci shinkafa da wake da mai, in sha fura, jim kaɗan kuma lokacin tuwon la'asar ya yi. A raina ina ganin ina bin doka sau da ƙafa. Abin da kawai nake sha da dare shi ne shayi, a wurin mai shayin da ke kusa da injinmu.

Akwai sikelin da muke auna buhuna da shi. Idan ba kowa sai in hau in duba. Makonni suka wuce, allurar ba ta ja baya ba. Daga baya ma sai na ga ta ɗan ƙara gaba. Na kira taubashina na faɗa masa. Maimakon ya yi shakkar maganarsa, sai ya yi shakkata. Ya ce ba yadda za a yi, lallai ina satar ci. Na rantse masa, ya yi dariya ya kashe waya.

Wata ranar kasuwa sai ga shi a Tudun Wada ya zo sayen kaya, ya biyo ta majalisarmu. Nan ya buɗe zancen a gaban abokaina da maƙwabtana. Ya ce ya ba ni magani kyauta amma na kasa, wai idan dare ya yi nakan ɓuya bayan buhuna in daka tuwo. Ya shiga gidana ya gaida matata, cikin wasa ya ce mata ta daina ɓoye mini kula a cikin hijabi. Ita ba ta yi dariya ba. Da ya ji ina shan shayi kuwa, sai ya tafa hannu ya ce ga ɓarawon nan an kama shi. Ya taka da kansa har wurin mai shayi ya ce kada ya sake sayar mini da komai bayan magariba, wai umarnin likita ne. Daga ranar zancen ya zama abin nishaɗin unguwa. In na wuce sai wani ya ce a ɓoye kwano ga shi nan. Shi kansa Alhaji mai inji ya taɓa cewa a riƙa ƙirga buhunan shinkafa da safe, kada a wayi gari na tauna ɗaya.

Edita, yunwa tana da ciwo, amma ba ta kai wannan ba. Kana tsaye cikin dare hanjinka yana murɗawa, ka hana kanka ko ƙwayar gyaɗa, sannan gari ya waye a kira ka maƙaryaci ana dariya. Ba wanda ya taɓa cewa ko dai maganar ce ba daidai ba. Kowa ya fi yarda cewa mai ƙiba ba ya iya riƙe bakinsa. Sai zuciya ta ɗebe ni, na ce zan nuna musu. Na bar shayin, na koma ruwa zalla daga magariba har asuba. Ƙwayar hawan jinin kuma da yamma nake shanta kafin in fita, tunda da safe barci nake yi, kuma ban taɓa komawa asibiti na faɗa musu sabon tsarin da na ɗauka ba.

Jikina ya yi ta ba ni alama. Idan na sunkuya na ɗago sai in ga duhu ya gilma a idona. Hannuna yakan yi rawa wajen ɗaure bakin buhu. Na zama mai saurin fushi, yarana da suka saba hawa bayana suka koma raɓewa idan na shigo. Na faɗa wa taubashina zancen jirin, ya ce albishir ne, kitse ne ya fara narkewa, in ƙara daurewa. Matata ta roƙe ni in tafi ko da dabino ne a aljihu. Na ƙi, don ina tsoron wani ya gan ni ina taunawa ya kai labari majalisa. Ka ji inda hankalina ya koma: na fi tsoron bakin mutane a kan injin da ke juyawa a gabana.

Daren da abin ya faru aiki ya yi yawa, buhuna har waje, mata suna zaune a kan tabarma suna jiran nasu. Ɓuntu, wato ƙaiƙayin shinkafa, ya taru a ƙarƙashin injin, na sunkuya ina janye shi da hannu kamar yadda na yi sau ba adadi. Da na miƙe sai duniya ta juya. Ban ga komai ba sai duhu, na ji ina tafiya baya, na kai hannun dama in dafa wani abu. Abin da na dafa shi ne bel ɗin injin. Bel ɗin yana da murfin ƙarfe a da, amma tun da ya lalace aka cire shi aka jingine, na yi wa Alhaji magana ya fi a ƙirga yana cewa za a gyara. Ban ji zafi nan take ba, na dai ji an fizge ni, sai salatin mata. Abokin aikina ne ya yi tsalle ya kashe wuta. Da na duba hannuna na ga abin da ba zan iya rubutawa a nan ba.

A motar ɗaukar shinkafa aka kai ni asibiti, daga nan aka tura mu Kano. Yatsu uku na tsakiya suka tafi, aka bar mini babban yatsa da ɗan ƙaramin. Bayan an yi aiki na dawo hayyacina, wata likita ta zo tana yi mini tambayoyi, har ta kai ga yaushe rabona da abinci kafin in faɗi. Na ba ta labari tun daga farko. Ta ajiye abin rubutunta ta dube ni.

"Malam, wane ne ya ce ka yi haka?"

Na ce ɗan'uwana ne, a waya ya gani.

Ba ta yi mini faɗa ba, ta zauna ta yi mini bayani. Ta ce akwai ƙamshin gaskiya a maganar: mutum ya cika ciki da abinci mai nauyi ya kwanta a kai ba shi da kyau, kuma mai barcin dare idan ya ci da wuri yakan taimaka masa, musamman da yake yawancin ciye-ciyen dare ƙari ne a kan abin da aka riga aka ci. Amma ta ce ciki ba shago ba ne da ake rufewa da magariba. Abin da ya fi yin tasiri a ƙiba shi ne yawan abin da mutum ya ci a yini gaba ɗaya, da irinsa, da yadda yake motsa jiki. Ta ce ni ban rage komai ba, na ɗebe abincin ne daga lokacin da nake aiki na kai shi lokacin da nake barci, har na ƙara a kai. Wato abin da nake gudu da dare, shi nake yi da safe. Sannan ga maganin hawan jini, ga yunwa, ga ƙarancin barci, ga inji. Ta ce da na dawo asibiti na yi tambaya, da an tsara mini abin da ya dace da mai aikin dare.

Na juya fuskata bango. Bayanin da bai fi a yi shi a tsaye ba, sai da na ba da yatsu uku kafin in ji shi.

Abin da ya biyo baya shi ya sa har yau raina bai huce ba. Taubashina ya zo dubiya da lemo a leda. Ya zauna bakin gado, ga mutane cike da ɗaki, ya girgiza kai ya ce ƙaddara ba ta wuce ranarta. Da wani ya tambayi yadda aka yi na faɗi, sai ya riga ni amsawa.

"Ai shi ne ya zafafa. Ni shawara na ba shi, ban ce ya kashe kansa ba. Kuma kowa ya san wasa ne tsakaninmu."

Mutanen majalisa da suka yi ta kirana buhu, su ne suka dawo suna cewa wa ya aike ni, ai jiki halitta ce, ƙibar ma ta yi mini kyau. Ba wanda ya tuna ya taɓa yin dariya. Alhaji ya ɗauki nauyin aikin da aka yi mini, ba zan ɓoye alherinsa ba. Amma tun ina kwance ya sa wani a gurbina, kuma a makon ne aka mayar da murfin bel. Da na warke na je gaishe shi, ya ce in yi haƙuri, aikin inji sai mai cikakken hannu, amma idan ina so zai ba ni gadin wurin da dare. Na yi godiya na fito. Ban koma ba.

Mahaifiyata ta je Kiru ta sami ƙaninta, wato kawuna, ta ce ɗansa ya nakasa mata ɗa. Kawu ya ce yaro bai riƙe hannun kowa ya sa a inji ba. Tun daga ranar ba ta sake taka gidansa ba, su da suka fito ciki ɗaya. Matata kuwa sau ɗaya ta yi maganar. Tana wanke mini ciwon, sai ta ce, "Malam, da ni ce na nuna maka a waya, da ka ji." Ta faɗa hawaye yana zuba, ta ci gaba da naɗe bandeji. Yanzu ita take turara shinkafar mutane a tsakar gida, cikin hayaƙi tun safe, don a rufa asiri. Buhunan nata kuma injin da na bari ake kai su, wani ya casa.

Ni kuwa na bar iyali a Tudun Wada, na koma gefen Ƙofa ina taimaka wa yayana a gonar rani, ina yin abin da hannu ɗaya da rabi zai iya. Na bi tsarin da likitar ta ba ni: na rage yawan tuwo, na rage sukari da mai, ina tafiya gona a ƙafa. Jikin ya ragu sannu a hankali, jinin ma ya sauka. Kuma ina cin abincin dare, kaɗan, kafin lokacin kwanciya. Wani lokacin ma bayan isha'i. Ba abin da ya same ni.

Na yarda da ƙaddara, kuma na san ba wanda ya ɗaure ni, da ƙafata na bi. Amma na koyi cewa shawarar lafiya ba riga ba ce da za a ciro daga waya a zura wa kowa. Abin da ya dace da ma'aikacin ofis mai kwana a gado ba lallai ya dace da direba ko mai gadi ko mai inji ba. Duk wanda aka ce ya rage ƙiba, musamman mai shan magani, ya tsaya ya tambayi likita yadda zai yi, ko da layi ya kai bakin titi. Idan ka bi wata hanya ka ga jikinka yana ƙara lalacewa, ka tuhumi hanyar, kada ka bari a sa ka tuhumi kanka. Ku kuma masu tsokanar mai jiki, ku sani dariyarku ba a wurin take ƙarewa ba, yana tafiya da ita gida, kuma ba ku san abin da za ta sa shi ya aikata ba. Ranar da ta ɓaci, ba ɗayanku da zai ce da shi aka yi.

Na ji labari taubashina yana nan a bakin titi, kuma kwanan nan ya fara koya wa wani direba yadda ake warkar da ciwon suga da ganye. Ni kuwa idan an yi taro aka ajiye tire, kowa ya sa hannu, sai in ciro cokali daga aljihu, domin yatsu biyu ba sa yanka loma. Wannan wasiƙar ma ba ni na rubuta ba. Ina faɗa ne, babbar 'yata tana rubutawa.